Mikhail Tukhachevsky

Mikhail Nikolayevich Tukhachevsky (1893–1937) kwamandan sojan Tarayyar Sobiyet ne kuma masanin dabarun yaƙi. Yana cikin hafsoshi biyar na farko da aka ba muƙamin Marshal a ƙasar, kuma gwamnatin da ya yi wa hidima ce ta harbe shi a zamanin Stalin.

An haife shi a watan Fabrairun 1893 a yankin Smolensk. Mahaifinsa jinin sarauta ne da dukiya ta ƙare wa gidansu, mahaifiyarsa kuwa 'yar talakawan ƙauye ce. Ya gama makarantar hafsoshi ta Mosko a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka tura shi rundunar dogaran sarki ta Semyonovsky. Jamusawa suka kama shi a 1915. Saboda yawan yunƙurin gudu, suka kai shi kurkukun Ingolstadt, inda ya zauna da wani matashin hafsan Faransa, Charles de Gaulle. Ya samu ya sulale a 1917.

Da ya dawo gida ya tarar da mulkin sarki ya rushe. Ya shiga jam'iyyar Bolshebik ta 'yan gurguzu a 1918, kuma yana ɗan shekara 25 aka ɗora masa runduna guda. A yaƙin basasar Rasha, ya fatattaki dakarun Kolchak a Saiberiya, ya yaƙi Denikin a kudu; dukansu jagororin sojojin da ke adawa da Bolshebik ne. A 1920 ya kai Jar Runduna, wato sojojin gwamnatin Sobiyet, har ƙofar Warsaw, babban birnin Poland, amma a watan Agusta aka karya shi mummunar karya. Sojojin dawakan kwamanda Budyonny da ya kamata su kawo masa ɗauki suna can suna fama a Lviv, a fagen da Stalin ke wakiltar jam'iyya. Taƙaddama kan wanda ya jawo wannan shan kashi ta bi Tukhachevsky da Stalin shekara da shekaru.

Hannunsa ba shi da tsabta, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. A 1921 shi ya murƙushe boren sojojin ruwa na Kronstadt. Daga nan aka aika shi Tambov, inda manoma suka yi tawaye saboda ƙwace musu hatsi. Can ya yi garkuwa da iyalansu, ya sa aka harbe mutane, ya kuma ba da umarnin amfani da iska mai guba a dazuzzukan da suka ɓuya.

Sunansa a fagen ilimin soja ya kafu ne kan dabarar da shi da Vladimir Triandafillov da wasu suka gina, wato kai hari har cikin zurfin abokan gaba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna cewa ko an huda layin tsaro, abokin gaba kan kawo sababbin dakaru ya toshe ɓarakar. Maganin da suka kawo shi ne a buga a wurare da dama lokaci guda da manyan bindigogi da sojan ƙasa, sannan a tura tankoki da motoci ta ɓarakar su nausa can baya, jiragen sama da 'yan laima na ruguza hedikwata da hanyoyin jirgin ƙasa, har rundunar ta rasa mai ba ta umarni. Dokokin fagen daga na 1936 sun ɗauki wannan tsari. Ya shugabanci hafsoshin Jar Runduna daga 1925 zuwa 1928, daga 1931 kuma ya kula da harkar makamai, ya mara wa binciken rokoki baya. Voroshilov, ministan tsaro, da Budyonny, 'yan gaban goshin Stalin, ba sa ga maciji da shi. A gida kuwa yakan sassaƙa goge irin na Turawa da hannunsa, kuma aminin mawaƙi Shostakovich ne.

A watan Mayun 1937 aka rage masa matsayi, aka tura shi yankin Volga, aka kama shi ranar 22 ga watan. An zarge shi da ƙulla juyin mulki da yi wa Jamus leƙen asiri. Takardar amsa laifin da aka tilasta masa na ɗauke da tabon jini. Ranar 11 ga Yuni aka yi masa shari'ar sirri ta yini ɗaya tare da kwamandoji bakwai, ciki har da Yakir da Uborevich, aka harbe su a daren. Yana da shekara 44. Daga baya aka kashe matarsa da 'yan'uwansa maza biyu, 'yarsa kuma ta sha zaman sansanin bauta. Cikin Marshal biyar ɗin nan, uku ne guguwar kashe-kashen Stalin ta ci, tare da dubban hafsoshi.

Asarar ta fito fili lokacin da Jamus ta kawo hari a 1941. Sai da aka koma kan dabarar tasa, ba tare da ambaton sunansa ba, a manyan hare-hare irin wanda aka yi wa laƙabi da Bagration a 1944. Kotun ƙolin Sobiyet ta wanke shi a watan Janairun 1957, ta ce tuhumar ƙage ce.