Waiwaye: Samanja Mazan Fama da makomar tsofaffin 'yan wasan talabijin

A ranar Lahadi 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81, bayan doguwar jinya. Da labarin ya iso Bauchi ta wayoyi, manya suka shiga salati suna "Allah ya jiƙan Samanja", yara kuwa suna tambayar ko wane ne. Ba laifin yaran ba ne. Mutumin ya daɗe da ɓacewa daga akwatin talabijin kafin ya bar duniya, kuma yadda aka yi ya ɓace ɗin ya cancanci a waiwaye shi.

Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke bakin kogin Kwara, an haife shi a 1942. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya kama aiki a gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. A zamanin yaƙin basasa ya shiga soja, bai kuma ajiye kaki ba sai 1985, sannan ya koma Rediyon Tarayya na Kaduna. Saboda haka samanjan soja (saja-manja) da yake fitowa a matsayinsa a wasan talabijin ba daga sama ya tsinto shi ba. Ya zauna da irinsu a bariki, ya sha tsawarsu a fagen fareti, ya san yadda suke tsakanin hafsoshi da kurata: sama a danne su, ƙasa su danne.

Shirinsa na barkwanci, Samanja Mazan Fama, ya soma ne a Kaduna cikin shekarun 1970, daga baya ya hau zangon NTA na ƙasa baki ɗaya. Wanda ya tashi a Bauchi a wancan lokacin zai tuna cewa talabijin ba ta kowa ba ce. A unguwa guda, ko Jahun ko Nassarawa ko Wunti, gidajen da ke da ita ba su da yawa, mafi yawa kuma mai baƙi da fari ce. Tashar ba ta buɗewa sai da yamma. In ranar wasa ta zo, maigida ya fito da akwatin tsakar gida, yaran maƙwabta su zube a tabarma, mata su leƙo daga ƙofar ɗaki. Ga shi kuma Bauchi garin soja ne. Muna ganin mutanen barikin Shadawanka a kasuwa da tasha, muna jin irin Hausarsu, wadda Bajukune da Batibi da Bayarabe da Ba'angashe suka haɗu suka murɗa ta yadda za su fahimci juna. Wannan barikancin Samanja ya ɗauko ya kawo cikin gidajenmu, ya cakuɗa shi da Turancin buroka, har yara suka riƙa kwaikwayonsa a makarantar allo da ta boko.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da shi. Yawancin shekarun da shirin ya yi tashe, soja ne ke mulkin ƙasar, daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. Lokaci ne da farar hula ke kauce wa mai kaki a hanya. A irin wannan zamani ne wani ya tsaya cikin kaki, a tashar gwamnati, ya bar talaka ya yi wa soja dariya har da hawaye, sojan ma yana dariyar kansa. A ganina wannan ba ƙaramar hidima ba ce ga ƙasar da ta fito daga yaƙi ba da jimawa ba.

To me ya kawar da shi da sauran tsofaffin 'yan wasan talabijin? Kuɗi ne da farko. Tashoshin gwamnati su ne ke shirya wasannin da kansu, su biya 'yan wasa. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, aka ce tashoshi su nemi abin da za su riƙe kansu, wasan da ba shi da kamfanin da zai ɗauki nauyinsa sai ya tsaya. A 1992 aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi. Kafin nan ma, tun 1990, matasan Kano sun soma fim a kaset ɗin bidiyo, kasuwa ta koma can, barkwanci ya samu sababbin gwanaye irin su marigayi Rabilu Musa Ibro. Wasu tsofaffin sun bi ayarin, ana ba su fitowar uba ko maigari ko malami, a sallame su a ranar. Shi Samanja girma ya riga ya zo, sai ya koma gefe, ana jin duriyarsa jefi-jefi in 'yan jarida sun je gaishe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin biyan. Ɗan wasan talabijin na da, ana biyansa ne a kan fitowa. Kaset na tasha ne. Ko an maimaita wasan sau nawa, babu abin da zai sake shiga aljihunsa. Suna ya cika ƙasa, amma babu kadarar da za ta riƙe mutum ranar da jiki ya ƙi. Samanja ma ya fi da yawansu madafa, tunda tsohon soja ne kuma tsohon ma'aikacin rediyo. Duk da haka, da ciwon zuciya ya kama shi, sai da Alhaji Aliko Dangote ya sa hannu a 2010 aka kai shi Indiya. Ya dawo ya yi wasu shekaru goma sha uku, lafiya yau da daɗi gobe babu, yawanci yana gida cikin iyalinsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Kasimu Yero, wanda ya yi wasan Karambana, ya rasu a Kaduna a Satumbar 2017, shi ma bayan jinya mai tsawo. Labarin da ya fi taɓa mutanen Bauchi, saboda Jos maƙwabta ce, shi ne na Malam Abdullahi Shu'aibu, Karkuzu na Bodara. A 2023 aka ga bidiyonsa, idanu sun tafi, yana bayyana halin ƙuncin da yake ciki da matsalar muhalli. Ɗan ƙwallo Ahmed Musa, shi ma haifaffen Jos, ya saya masa gida ya ba shi kuɗi. Allah ya saka masa. Baba Karkuzu ya rasu a Maris 2025, cikin azumi. Amma abin yana ci mini rai, a ce dattijon da ya shekara da shekaru yana faranta wa jama'a sai ya zauna gaban kyamara ya tona asirin cikinsa kafin a tuna da shi. Wanda kunya ta hana shi yin haka fa, ko wanda sunansa bai wuce jiharsa ba?

Irin waɗannan muna da su a nan. Gidan rediyon jiha na BRC da talabijin na BATV da NTA Bauchi duk sun yi wasannin kwaikwayo, haka tashoshin Gombe bayan an ƙirƙiro jihar a 1996, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi su suna raye a cikin unguwanninmu. Yanzu akwai abin da babu a zamanin ƙuruciyarsu: dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin ga kowa, Bauchi tana da hukumarta ta inshorar lafiya, BASHCMA, Gombe tana da GoHealth. Ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN, ƙungiyar masu shirya finafinai ta Najeriya, da ma'aikatun al'adu za su iya tattara sunayen tsofaffin nan su yi musu rajista tun suna tafiya da ƙafarsu, ba sai an kwantar da su ba.

Sai maganar aikin nasu. Abin da matashi zai samu na Samanja a YouTube ko Facebook a yau 'yan guntaye ne masu dishi-dishi, waɗanda wasu suka naɗa a gida. Duk kaset ɗin da ya rage a ɗakunan ajiyar tashoshi yana bukatar a juye shi zuwa kwamfuta da gaggawa, domin zafi da ƙura suna cin irin wannan kaset, injinan da ke karanta shi kuma an daina ƙera su.