Ma'anar "hanyar F" ga mai shirin tuƙa kansa a Ayislan

Duk wanda ya zauna shirya hutu a Ayislan, tsibirin nan na can ƙuryar arewa da ake rubuta Iceland a taswira, zai ci karo da harafin F tun bai sayi tikitin jirgi ba. Kamfanin hayar mota zai jera masa motoci, a ƙarƙashin wata a rubuta an yarda ta hau hanyoyin F, a ƙarƙashin wata a rubuta an hana, kuma kuɗin ta farkon ya fi na biyun nesa ba kusa ba. Ƙasar ba ta da jirgin ƙasa na fasinja, motocin bas kuma ba su da yawa da zarar an bar Reykjavik, babban birnin ƙasar, shi ya sa baƙi da dama ke karɓar mota a filin jirgin Keflavik su tuƙa kansu. Daga nan tambayar take tasowa: mene ne wannan F ɗin, kuma shin sai da shi tafiya za ta yi daɗi?

Harafin ya fito ne daga kalmar fjall, wato dutse ko tsauni a harshen mutanen ƙasar. Fjallvegur shi ne hanyar tsauni. Mutanen Ayislan, waɗanda ba su kai dubu 400 ba, kusan dukansu a gaɓar teku suke zaune. Tsakiyar tsibirin, da suke kira Hálendið, fili ne na baƙin yashi da daskararren aman wuta da manyan tsaunukan ƙanƙara, babu gari, babu ƙauye. Hanyoyin da suka ratsa wannan tsakiya su ne hukumar hanyoyi ta ƙasar, Vegagerðin, take sa wa F a gaban lambarsu: F26, F88, F206, F249 da sauransu. Babu kwalta a kansu. Wani wuri tsakuwa ce, wani wuri duwatsu masu kaifi, wani wuri yashi mai laushi da ke kafe mota. Abin da ya fi komai bambanta su da sauran hanyoyi shi ne da yawansu suna gangarawa cikin kogi su fito ta ɗaya gefen, ba gada.

Ba a buɗe suke ba sai 'yan watanni a shekara. Galibi ana fara buɗe su ne daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, kowace da ranarta, ya danganta da yadda dusar ƙanƙara ta narke a shekarar, sannan a cikin Satumba ko jim kaɗan bayansa sanyi ya sake rufe su. Akwai abin da baƙi ba sa saurin ganewa a nan. Za ka iya isa bakin hanya a farkon Yuni, rana tana haske, ƙasa ta bushe a idonka, amma ka tarar da allo an rubuta Lokað, wato a rufe. Dalili shi ne ƙasan hanyar yana jiƙe sharkaf da ruwan narkewa, mota ɗaya in ta bi sai ta kwarɓe ta, direban da ya zo baya kuma ya kauce wa caɓin ya hau ciyayin gefe. Don kare hanyar da tsirran ake rufewa, kuma shiga hanyar da aka rufe laifi ne. Wata kalmar da ya kamata ido ya saba da ita ita ce Ófært, ma'ana ba ta biyuwa.

Sharaɗi na biyu shi ne mota. Sai mai jan tayoyi huɗu, wadda cikinta ya yi sama da ƙasa. Wanda ya ɗauki ƙaramar motar haya ya hau hanyar F ya karya yarjejeniyar da ya sa wa hannu, duk ɓarnar da ta auku daga aljihunsa za a gyara. Sai dai su ma jif-jif ɗin ba ɗaya suke ba. Dacia Duster da Suzuki Jimny, waɗanda suka cika wuraren haya saboda sauƙin kuɗinsu, suna iya hanyoyi masu sauƙi da ƙananan rafuka. Land Cruiser da Hilux, da muka sani sarai a gida, sun fi su tsayi da ƙarfi. Akwai kuma kogunan da ko su ba sa shiga, sai motocin da aka yi wa gyara na musamman da tayoyi masu kai wa ƙugun mutum. Don haka in kamfani ya ce motarsa ta halatta a hanyoyin F, a tambaye shi waɗanne, domin wasu kamfanonin suna cire hanyoyi irin su F249 da sunansu.

A kan kogin nake so in daɗe, don nan ne nake jin tsoro ga mutanenmu. Direban da ya girma yana bin hanyar burji da damina, wanda ya sha tsallaka rafi bayan an ɗauke ruwa, zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne. Gaskiya ne hannunsa ya faɗa, amma ilimin da yake da shi na ruwan sama ne. A gida mun san kogi yana cika bayan hadari, yana janyewa in an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Da yawa daga kogunan tsakiyar Ayislan kuwa daga narkewar tsaunin ƙanƙara suke fitowa, saboda haka rana ce take cika su. Ranar da gari ya yi kyau, sama ta washe, har mutum ya cire rigar sanyi, ita ce ranar da kogin zai fi tumbatsa. Da sassafe yana ƙasa, zuwa la'asar ya hau. Mashigin da ka bi lafiya da hantsi, in ka dawo da yamma wani kogi ne daban. Ruwan kuma launin toka ne saboda garin dutsen da yake ɗauke da shi, ba a ganin ƙasansa, ga sanyin da ke kashe ƙafa cikin 'yan mintoci, ga shi yana sauya hanya yana kwashe tsakuwar ƙasa daga wannan mako zuwa wancan.

Mutanen ƙasar suna da ƙa'idojin da suke maimaita wa baƙo. A tsaya a fito a duba kafin a shiga. Inda ruwa ya yi faɗi yana 'yan ƙananan tsalle a kan tsakuwa ya fi aminci a kan inda ya tsuke ya yi lif, domin shirun nan zurfi ne. A sa giya ta ƙasa tun daga tudu, a shiga a hankali kamar tafiyar ƙafa, a ɗan karkata a bi inda ruwa ya nufa, kada a canja giya ko a tsaya a tsakiya. In ruwa ya kai inda inji ke shaƙar iska, injin ya gama aiki nan take. Kuma suna cewa kogin da ba za ka yarda ka shiga da ƙafarka ba, kada ka sa motarka. Mafi alheri a jira wata mota ta zo a ga yadda ta bi, ko a yi tafiyar mota biyu. Juyawa ma hanya ce. A ƙarshen Agustan 2018 wata matashiya 'yar Amurka ta rasa ranta a kogin Steinsholtsá, a kan hanyar zuwa kwarin Þórsmörk, bayan motar da suke ciki ita da mijinta ta maƙale a ruwa. Wannan hanyar, F249, ita ce ke kaiwa ga kogin Krossá, inda masu hankali ke barin motarsu su hau manyan bas-bas da aka ƙera domin shi.

Sai maganar inshora, wadda a ganina ita ce ainihin fassarar harafin F a aljihun matafiyi. A teburin haya za a yi maka tayin inshora kala-kala: ta tsakuwar da ke fasa gilashin gaba, ta yashi da tokar aman wuta da iska ke watsa wa mota har fenti ya goge, ta sata, ta karo. Mutum zai biya duka ya fita yana jin ya rufe kowace kafa. Amma inshorar da aka saba bayarwa ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa. Injin da ya sha kogi naka ne, haka kuɗin janwen da zai taho daga nesa ya fito da motar daga tsakiyar tsaunuka. Ɓarnar ƙasan mota ma sau da yawa ba ta ciki, haka ƙofar da iska ta fizge ta lanƙwasa, abin da ke faruwa sosai a ƙasar har ana manna gargaɗi a jikin motocin haya. A karanta takardar layi-layi kafin a sa hannu, ko da na bayanka a layi sun ƙosa.

Akwai kuskuren da ke bin wannan kalma a baya, na ɗaukar hanyar F a matsayin izinin shiga daji yadda aka ga dama. Hanyar F hanya ce mai lamba, tana cikin taswirar hukuma. Sauka daga kanta a ratsa fili, ko da yashi ne fetal ba tsiro ko ɗaya a ido, haramun ne a dokar kare muhalli ta ƙasar. Lokacin tsiro gajere ne a can, gansakukar da ta lulluɓe duwatsun tana ɗaukar shekaru gommai kafin ta farfaɗo, sawun taya kuma yakan zama magudanar ruwa ya ci gaba da zaizaye ƙasa. A 2019 wani ɗan Rasha mai tarin mabiya a Instagram ya kutsa da mota cikin wani fili kusa da tafkin Mývatn ta kafe, aka ci shi tarar kurona 450,000, kuɗin ƙasar, mutanen ƙasar kuma suka yi masa ca. Ina ganin suna da gaskiya. Wanda ya ga yadda zaizaya ke cinye gona a gida bai kamata a sha wahalar fahimtar da shi wannan ba.

To me ke can ciki da har mutane ke ɗaukar wannan wahala? Landmannalaugar na nan, da tsaunukansa masu launin ja da rawaya da kore da ruwan zafi da ke ɓuɓɓuga daga ƙasa, kuma shi ne mafi sauƙin kaiwa: in an biyo ta arewa ba a gamuwa da ruwa sai dab da sansanin da baƙi ke sauka, ga wurin ajiye mota kafin mashigin, sai a ƙarasa da ƙafa. F206 tana kaiwa Laki, jerin ramukan da suka yi aman wuta daga 1783 zuwa 1784, bala'in da yunwar da ta biyo bayansa ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. F88 tana kaiwa Askja, wani dutse mai aman wuta, inda ƙasa ta yi kama da duniyar wata har Amurka ta kai 'yan sama jannatinta horo a 1965 da 1967, Neil Armstrong yana cikin ayari na biyu. F26, Sprengisandur, ita ce doguwar, ta ratsa tsakanin tsaunukan ƙanƙara na Hofsjökull da Vatnajökull, fiye da kilomita 200 ba gidan mai, ba mai faci, wayar salula ma tana ɗaukewa a wurare. Kjölur, mai lamba 35, an cire mata F ɗin kuma kogunanta suna da gada, amma kamfanonin haya da yawa har yanzu ba sa barin ƙananan motoci su bi ta, wanda ke nuna rashin harafin a allo bai isa hujja ba.

Ra'ayina shi ne mai zuwa karo na farko, musamman da iyali, ba ya bukatar hanyar F ko ɗaya. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta zagaye tsibirin, ta kai kimanin kilomita 1,320, an haɗe ta a 1974 da aka gama gadar kogin Skeiðará, kuma yanzu duk kwalta ce. A kanta ko kusa da ita ake samun Seljalandsfoss da Skógafoss, wuraren da ruwa ke zubowa daga kan dutse, da baƙin yashin gaɓar Vík, da tafkin Jökulsárlón inda gutsattsarin ƙanƙara ke yawo a ruwa, da Mývatn da Goðafoss, shi ma mazubar ruwa, da garin Akureyri. Kwana bakwai zuwa goma a ƙaramar mota sun ishi ido, kuɗin jif kuma ya tafi wurin masauki da abinci, waɗanda tsadarsu ba wasa ba ce. A hannun dama ake tuƙi kamar Najeriya da Nijar da Ghana, gudu kilomita 90 a kwalta, 80 a tsakuwa, 50 a gari, fitila a kunne dare da rana. Ita ma tana da nata tarkon, gadoji masu layi ɗaya da ake rubuta wa Einbreið brú, da tumakin da ake saki su yi kiwo duk lokacin zafi. In ka ga tunkiya a wannan gefe ɗanta a wancan, taka birki, ɗan zai tsallaka. Wanda kuma ransa ya biya da ganin tsakiyar ƙasar, ya ware kwana ɗaya ya bi bas ɗin tsaunuka ko direban da aikinsa ke nan.

Wanda ya ƙudura sai ya tuƙa da kansa, ya sa tafiyar a Yuli ko Agusta. Kowace safiya ya duba shafin hukumar hanyoyi, umferdin.is, da na hasashen yanayi, vedur.is, domin ko a Yuli dusar ƙanƙara tana iya sauka a tsaunuka. Ya bar tsarin tafiyarsa a safetravel.is, shafin ƙungiyar ceto ta Landsbjörg, wadda 'yan sa-kai ne da ke barin aikinsu da barcinsu su fita neman baƙon da ya ɓace. Lambar gaggawa 112 ce. Ya cika tanki a gidan mai na ƙarshe, ya ɗauki ruwa da abinci da kayan sanyi fiye da na yini ɗaya. Ya kuma lura da agogo, don a Yuni da farkon Yuli dare ba ya duhu, mutum sai ya yi ta tuƙi har sha ɗayan dare yana zaton la'asar ce sakaliya, gajiya ta cinye shi bai sani ba. Saboda wannan hasken ne ma ya kyautu Musulmi ya tambayi malami yadda zai tsara Magariba da Isha da Asuba tun yana gida, ya rubuta lokutan a takarda ya sa a aljihun mota tare da takardar inshorar.