Bututun Gas Bai San Kan Iyaka Ba

A majalisun Daura, idan aka taɓo zancen bututun gas da ake shirin shimfiɗawa daga Najeriya zuwa Aljeriya ta cikin Nijar, sai ka ji ana cewa duk abin da ya same shi bayan an tsallaka iyaka matsalar Nijar ce kaɗai. Wannan kuskure ne babba, domin gas a matse yake tafiya cikin bututu guda, kuma duk inda aka fasa dole a rufe wannan sashe, gas ɗin da ake turawa daga tushe ba zai wuce gaba ba. A watan Agustan 2012 angar jirgin ruwa ta lalata bututun gas na Afirka ta Yamma, wanda ke kai gas daga Najeriya har tashoshin wutar lantarkin Ghana, a tekun Togo, amma Ghana ce ta kwashe watanni tana fama da ɗaukewar wuta, Najeriya kuma ta rasa ciniki.