Waiwaye: Zauren Taihe, ɗakin gadon sarautar Sin da wuta ta sha ci

A tsakiyar tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing, babu ginin da ya kai zauren Taihe girma. Sarki Yongle na daular Ming ne ya kammala shi a 1420, amma ko shekara bai yi ba tsawa ta faɗa masa a 1421, ya ƙone ƙurmus. Aka sake ginawa, wuta ta sake cin sa a 1557 da 1597 da 1679. Wanda yake tsaye yau, Sarki Kangxi ne ya sa aka fara aikinsa a 1695.

Abin mamaki, ɗakin da ake ta wannan wahala a kansa ba wurin zaman fadanci na kullum ba ne. A zamanin sarakuna, sai a manyan ranaku irin su ranar naɗin sarki, ko aurensa, ko ranar haihuwarsa, ko sabuwar shekara ake buɗe shi. A irin wannan rana tun kafin gari ya waye manyan ma'aikata ke jeruwa a farfajiya, kowa a gurbin muƙaminsa. A kaɗa bulala sau uku, wuri ya yi tsit. Sai su durƙusa sau uku, su kai goshi ƙasa sau tara, alhali akasarinsu ko fuskar sarkin ba sa hangowa. A ganina wannan nisan shi ne ainihin abin da maginan suka nufa.

Shi ya sa aka ɗora zauren a kan dandamalin farin dutse mai hawa uku, tsayinsa kusan mita 8. Ginshiƙai 72 ne ke ɗauke da rufin, shida da ke kusa da gadon sarauta an shafe su da zinariya. Rufin ruwan ɗorawa ne, launin sarki, kuma a kowace kusurwa an jera gumakan dabbobi 10, adadin da babu wani gini a fadar da aka yi wa.

A nan aka naɗa Puyi, sarki na ƙarshe, a 1908 yana ɗan ƙasa da shekara uku. Da Yuan Shikai, shugaban jamhuriyar da aka kafa bayan rushewar sarautar, ya so zama sarki a 1915, sai ya sa aka fitar da tsohon gadon ya kawo nasa. Ba a gano na asalin ba sai a 1959, cikin wani ɗakin ajiya, aka gyara shi aka mayar da shi wurinsa a 1964.