"Funiculì, Funiculà" ba waƙar gargajiya ba ce

Mutane da yawa suna ɗauka "Funiculì, Funiculà" tsohuwar waƙar gargajiya ce ta mutanen birnin Napoli da ke ƙasar Italiya, irin wadda aka gada kaka da kakanni ba a san mai ita ba. Ba haka ba ne. Luigi Denza ne ya tsara kiɗanta a 1880, ɗan jarida Peppino Turco kuma ya rubuta baitocinta da yaren Napoli. Sun yi ta ne don murnar buɗe jirgin ƙasa mai hawa da igiyar ƙarfe zuwa kan dutsen Besubiyo, wanda ke aman wuta. Daga sunan jirgin, funicolare, aka samo amshinta.

An haifi Denza a garin Castellammare di Stabia, kusa da Napoli, a 1846, ya yi karatun kiɗa a Napoli. Daga baya ya koma Landan, inda ya koyar da rera waƙa a makarantar kiɗa ta Royal Academy of Music, kuma a can ya rasu a 1922.

Dalilin ruɗanin shi ne waƙar ta bazu da sauri, har sunan mai ita ya ɓace a hanya. Ko masana ba su tsira ba. Richard Strauss, Bajamushe mai tsara kiɗa, ya saka ta cikin aikinsa "Aus Italien" na 1886 yana zaton ta kowa ce. Denza ya kai shi ƙara, ya yi nasara, dole Strauss ya riƙa biyansa hakkinsa. Jirgin kuwa, aman wutar dutsen na 1944 ne ya lalata shi.