Dokar taɓa ɗa a gasar ches: abin da hannu ya taɓa, shi za a motsa

A gasar ches da ake buɗe wa kowa, inda ɗan koyo kan zauna gaban gogaggen ɗan wasa, dokar da ta fi tayar da gardama ita ce ta taɓa ɗa. Tana cikin sashe na 4 na dokokin FIDE, hukumar ches ta duniya.

Idan turon naka ne, ka taɓa ɗanka da niyyar motsa shi, to dole shi za ka motsa, ko da ka hango asarar sarauniya a gaba. Idan ɗan abokin karawarka ka taɓa, sai ka ci shi, muddin cin ya halatta. Ɗan da ba shi da inda zai je bisa ƙa'ida kuwa, taɓa shi ba ya ɗaure ka. Da zarar ka saki ɗa a wani gida, magana ta ƙare.

Mai son daidaita ɗan da ya karkace sai ya fara faɗin "j'adoube" (wato "ina daidaitawa" da Faransanci) kafin hannunsa ya kai, kuma a lokacin turonsa kaɗai. Faɗin ta bayan an taɓa aikin banza ne. A gasar Moscow ta 2016 Hikaru Nakamura ya taɓa sarkinsa a karawarsa da Levon Aronian, ya so ya fasa, alƙalin wasa ya ce sarkin zai motsa, wasan kuma ya kuɓuce masa.

Wurin da mutane suka fi yin sake shi ne lokacin kai ƙara. A irin wannan gasa alluna da yawa, alƙalai kaɗan, ba lallai ne wani ya ga abin da ya faru a teburinka ba. Doka ta ce idan ka taɓa ɗa don yin naka turon, damar ƙorafi ta wuce. Saboda haka kada ka ja da kowa: tsayar da agogo, ka kira alƙali nan take. Wasu na ganin hakan rashin kara ne, musamman gaban babban ɗan wasa. A ganina kunyar ba ta da wuri a nan. A gasar Linares ta ƙasar Sifen a 1994, fitaccen ɗan wasa Garry Kasparov ya saki dokinsa, ya sake ɗauka ya kai wani gida. Abokiyar karawarsa Judit Polgar, tana da shekara 17, ba ta yi magana a lokacin ba. Bidiyo ya nuna yatsunsa sun rabu da dokin, amma sakamakon bai canza ba, Kasparov ne ya yi nasara.