Leburorin ayyukan gwamnati a Najeriya

Leburan gwamnati shi ne wanda ake ɗauka aikin ƙarfi a ayyukan raya ƙasa, irinsu gina hanya da gada da kwalbati, shimfiɗa layin dogo, haƙa magudanar ruwa da gyaran gine-ginen hukuma. Kayan aikinsa diga ne da shebur da baro da kwanon sarki, a samansa kuma akwai helma mai kula da gungun leburori, sai tankifa mai kiran suna da safe yana rubuta wanda ya zo da wanda bai zo ba. Tun zamanin Turawa ma'aikatan wannan fanni kashi biyu ne, akwai na dindindin masu albashin wata da fansho, akwai kuma ƴan biyan kullum waɗanda ranar da ba a yi aiki ba to ba kuɗi, kuma wannan rabon har yau bai gushe ba sai dai suna da ya canza.

Zamanin PWD da aikin tilas

Ma'aikatar Ayyuka ta Turawan mulkin mallaka, wadda aka fi sani da PWD, ita ce uwar wannan tsari. A Arewa babban aikinta na farko shi ne layin dogo daga Baro a bakin kogin Neja zuwa Kano, an fara a 1907 zamanin Gwamna Percy Girouard, layin ya iso Kano a 1911, kuma ma'aikatar ce ta yi da kanta ƙarƙashin daraktanta John Eaglesome ba a bai wa kamfani ba. Leburorin fa ba duka ne suka zo da son ransu ba, umarni ake aika wa sarki, sarki ya aika wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci da mai unguwa cewa a kawo mutum kaza, mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tafi makonni yana sarar ƙasa. Ana biyansu ɗan abin da ya samu da tsabar kuɗi, sai dai kuɗin nan yawanci haraji yake komawa, don a lokacin ne ake matsa wa talaka ya biya haraji da kuɗin Bature.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, Najeriya ta samu dokarta a 1933, amma dokar ta bar ƙofa a buɗe don ayyukan da aka kira na gari. Da yaƙin duniya na biyu ya zo sai ga aikin tilas, wanda ake kira diban gwamna, ya dawo gadan-gadan, daga 1942 zuwa 1944 an kwashi mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su a can.

Alawus ɗin tsadar rayuwa

Alawus na farko da ya yi suna shi ne COLA, wato alawus ɗin tsadar rayuwa, wanda gwamnatin Bernard Bourdillon ta amince da shi a 1942 bayan ma'aikatan jirgin ƙasa sun tayar da ƙayar baya ƙarƙashin Michael Imoudu. Kaya suka ci gaba da tashi, alawus ya tsaya cik. A 1945 ƙungiyoyin ƙwadago, har da ta ma'aikatan PWD, suka nemi a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan COLA sannan a mayar da mafi ƙarancin ladan lebura sule biyu da sisi a rana, gwamnatin Arthur Richards ta ƙi, shi ne aka shiga yajin aikin gama-gari a watan Yuni wanda ya ɗauki kwana 44. Kwamitin Tudor Davies da aka kafa bayan nan ya ba ma'aikata gaskiya a 1946 kan batun ƙarin.

Abin da ya kamata a lura shi ne ladan lebura a lokacin ba ɗaya ba ne a faɗin ƙasa, an yanka ƙasar shiyya-shiyya, leburan Legas ya fi kowa, na ƙauyukan Arewa shi ne a can ƙasa duk da dai rana ɗaya ke dukansu. Kwamitin duba albashi na Morgan ma da ya ba da shawarar fam 12 a wata ga na Legas bai rusa shiyyoyin ba, kuma jan ƙafar da gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta yi kan rahoton ne ya haddasa yajin aikin Yunin 1964. Sai kwamitin Adebo a 1971, sai na Udoji a 1974 wanda ya kawo matakan albashi 01 zuwa 17 ya sa mafi ƙaranci naira 60 a wata har da ariyas. Dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ta zo a 1981 zamanin Shagari, naira 125, bayan yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu, daga baya ya koma 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024.

Kwangila da jinga

A yau manyan hanyoyi kamfanonin kwangila ke yi, gwamnati ta rage aiki kai tsaye sai ɗan faci da gyara irin na hukumar gyaran hanyoyin tarayya FERMA da aka kafa a 2002 da ma'aikatun ayyuka na jihohi. Ma'anar haka ita ce leburan da kake gani yana zuba kwalta ba ya cikin takardar albashin gwamnati, na ɗan kwangila ne, sau da yawa ma na ƙaramin ɗan kwangilar da babban ya yanka wa aiki ne, shi kuma ya ba helma jinga, a ce haƙa gwata daga nan zuwa can kuɗi kaza. Idan gwamnati ta yi jinkirin sakin kuɗi, babba ya riƙe na ƙarami, ƙarami ya riƙe na lebura, alhali shi leburan da kuɗin yau yake cefanen yau.

A takarda kam yana da haƙƙi. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3, kada a wuce wata ɗaya ba a biya shi ba, aikin da ya haura lokaci abataya ne, yana da hutun kwana 6 da biya bayan shekara ɗaya da na rashin lafiya har kwana 12. Dokar diyya ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF saboda wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Amma gaskiyar magana wasu kamfanonin sallamar lebura suke yi kafin wata ukun su cika sai su sake ɗaukarsa sabo, ga shi dokar albashi ta 2019 ita kanta ta cire ƴan jinga da wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, wato dai mutanen da suka fi buƙatarta. Hular kwano da takalmin aiki da safar hannu ma ba kowa ke samu ba, sai ka ga mutum da silifas a gaban tafasasshiyar kwalta, wannan kam zalunci ne.

Shirin 774,000

Gwamnatin Buhari ta fito da shirin ayyuka na musamman ƙarƙashin hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa NDE, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, aka ware masa naira biliyan 52. Festus Keyamo, ƙaramin ministan ƙwadago a lokacin, ya yi cacar baki da ƴan majalisa a 2020 kan wa zai zaɓo mutanen, aka yi ta ɗagewa har sai Janairun 2021 aka ƙaddamar. Aikin shi ne yashe kwata, sharar kasuwa, gyaran hanyoyin karkara da makamantansu, biyan kuma 20,000 a wata na tsawon wata 3, ƙasa da 30,000 ɗin da doka ta sa a lokacin, saboda an kira shi tallafi ba albashi ba. Da yawa cikin mahalarta sun yi ta ƙorafin sun gama aiki watanni sun shuɗe kafin su ga alat na farko, wasu kuma matsalar BVN da rashin daidaituwar suna a banki ce ta riƙe kuɗinsu.